Farashi da Daraja: Abin da Kafinta Zai Auna Kafin Ya Sayi Injin Sassaƙa na CNC

Injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, wanda masu sana'a suka fi sani da CNC, tebur ne mai faɗi da wata gadar ƙarfe ke kai da komo a kansa. A jikin gadar akwai moto mai juya bakin yanka da tsananin gudu, har juyi 18,000 ko 24,000 a minti ɗaya, shi ake kira sifindil. Bakin yana tafiya ta fuska uku, wato tsawo da faɗi da zurfi, kuma ba hannun mutum ke tuƙa shi ba. Ana zana aikin a kwamfuta, manhaja ta mayar da zanen jerin umarni, injin ya bi umarnin ɗaya bayan ɗaya har ya fitar da ƙofa, ko fuskar gado, ko rubutu a allo. Fasahar ta samo asali ne daga masana'antar jiragen sama ta Amurka. John Parsons ya fara aikin sarrafa injin yanka da lissafi a ƙarshen shekarun 1940, aka kuma nuna injin farko a jami'ar MIT a 1952. Ta daɗe a hannun manyan masana'antu kafin ta sauko ƙasa. Kamfanin ShopBot na Amurka, wanda aka kafa a 1996, yana cikin waɗanda suka fara ƙera wa ƙananan kafintoci, daga baya masana'antun ƙasar Sin, musamman na birnin Jinan a lardin Shandong, suka karya farashin har injin ya iso shagunan kayan ɗaki na Kano da Kaduna da Abuja.

Wanda ya leƙa kasuwar wannan inji a karon farko, tazarar farashi ce za ta fara ɗaure masa kai. Akwai ɗan ƙarami da ake ɗorawa a kan tebur, kuɗinsa bai kai dala 300 ba. Akwai babba na ƙasar Sin da ake samu a kan 'yan dubban daloli a ƙofar masana'anta. Akwai kuma na kamfanonin Biesse da SCM na Italiya, ko Homag na Jamus, waɗanda kuɗinsu ke kaiwa dubun-dubatar daloli, wasu har su haura dubu ɗari. Duk sunansu CNC, duk kuma suna yanka katako. A nan masu saye ke rabuwa gida biyu, kuma kowane gida na iya yin asara. Wani yana bin mafi araha, ya manta cewa araha ba ta ado. Wani kuma yana ganin tsada ita ce shaidar inganci, sai ya zuba jarinsa kaf a kan injin da rabin abin da ke jikinsa ba zai taɓa amfani da shi ba. Ma'aunin da ya kamata a riƙe guda ɗaya ne: nawa kowane aiki mai kyau da ya fito daga injin zai tsaya wa mai shi, in an haɗa duk abin da aka kashe a tsawon shekarun da injin zai yi yana aiki. Kuɗin da ke rubuce a takardar ciniki ɓangare ne kawai na wannan lissafi, kuma sau da yawa ba shi ne mafi nauyi ba.

Farkon abin dubawa shi ne girma, shi ne kuma mafi sauƙin yanke wa hukunci. Lambobin da ake sa wa injinan Sin girman teburinsu suke faɗa. Mai lamba 3018 yana aiki a fili mai milimita 300 da 180, na koyo ne da 'yan ƙananan kayan ado. Mai lamba 6090 yana ɗaukar milimita 600 da 900, ya ishi mai yin allon suna, agogon bango da ƙananan fuskokin kabad. Mai lamba 1325 kuwa, wato milimita 1,300 da 2,500, an yi shi ne don ya haɗiye cikakken fallen filawud ko MDF, wanda girmansa milimita 1,220 ne da 2,440, abin da kafintoci ke kira ƙafa huɗu da ƙafa takwas. Kafintan da abincinsa ke fitowa daga gadaje da wadirob da ƙofofi, in ya sayi 6090 don ya ga kuɗinsa bai kai na babban ba, bai rage komai ba. Kowane falle sai an fara raba shi da zarto kafin ya hau tebur, ƙofar ɗaki mai tsawon mita biyu kuma ba za ta shiga ba sai da dabarar yanka sashe a tura sashe, inda kuskuren milimita ɗaya ke ɓata zanen baki ɗaya.

Bayan girma sai gangar jiki, kuma a nan ne ya kamata mai saye ya fi daɗewa, domin ita ce ba ta canzuwa. Moto in ya ƙone ana sa wani. Akwatin sarrafawa in ya tsufa ana sauya shi. Amma firam da aka haɗa da siririn ƙarfe haka zai zauna har ranar da za a sayar da shi ga 'yan gwangwan. Lokacin da baki ke cin katako, katakon ma yana tura bakin, kuma duk wani rauni a gada ko a ƙafafun tebur yana komawa rawa. Ana ganin sakamakon a gefen aikin: maimakon yanka mai santsi, sai a ga ƙananan tudu da kwari a jere kamar an bi da haƙori, musamman a itace mai tauri irin madaci ko kawo. Yaron shago zai kwashe rabin yini da samfefa yana goge abin da injin ya kamata ya fitar a gyare, baki kuma yana dakushewa da wuri saboda dukan da yake sha. Mai shago da ya ga haka sai ya rage gudun injin don rawar ta lafa, aikin awa ɗaya ya koma na awa biyu. Ta haka rangwamen da aka samu ranar saye ke zubewa kullum, kaɗan-kaɗan, ba tare da an ga fitarsa ba.

Masana'antun kirki suna walda firam da ƙarfe mai kauri, su gasa shi ko su girgiza shi don ya saki taurin da walda ta bar masa, sannan su fere wuraren da layukan tafiya za su zauna a kan babban inji, a zama ɗaya. Waɗanda ke neman karya farashi suna tsallake waɗannan matakai, fenti kuma ya rufe komai. Tun da ido ba ya gani, nauyi ne shaidar da ta fi saurin samuwa. Injin 1325 na ƙwarai yakan kai tan guda ko ya wuce. In dillalai biyu suka kawo injina masu kama ɗaya a hoto, ɗaya ya fi ɗaya nauyi da ɗaruruwan kilo, to ba inji ɗaya suke sayarwa ba, ko da takardunsu sun yi kama. Haka ma layukan da gada ke gudu a kansu. Masu kusurwa huɗu, irin na kamfanin Hiwin na Taiwan, sun fi zagayayyun sanduna riƙe nauyi da daidaito, sai dai jabunsu ya yi yawa a kasuwa, don haka ganin sunan a takarda bai wadatar ba.

Akwai kuma inda tsumi ya halatta, har ma shi ne hankali. Motocin da ke tura gada iri biyu ne. Sitefa yana juyawa taki-taki, yawanci taki 200 a zagaye ɗaya, kuma ba ya sanar da kwamfuta ko ya isa inda aka aike shi. In nauyi ya fi ƙarfinsa sai ya tsallake taki, zanen ya goce. Sarbo, irin na Yaskawa na Japan ko Delta na Taiwan, yana da na'urar da ke bin diddigin tafiyarsa, ya fi gudu, ya kuma fi tsada nesa ba kusa ba. Masana'antar da ke yanka fallaye daga safe har dare tana cin ribar wannan gudu. Shagon da injinsa ke aiki awa uku ko huɗu a yini ba zai ga bambancin a aljihunsa ba, kuma sitefa in ya lalace ya fi sauƙin samu da sauyawa. Haka na'urar da ke sauya baki da kanta: tana da amfani ga mai aikin da ke buƙatar baki huɗu ko biyar a kowane falle, ana maimaitawa ba iyaka, amma tana iya ninka kuɗin injin, tana kuma buƙatar kwamfaresa mai ba da busasshiyar iska. Wanda yawancin aikinsa baki ɗaya ko biyu ke gama shi, sauyawa da sifana ba za ta ci masa fiye da 'yan mintoci ba. Na'urar juya katako don sassaƙa ƙafafun kujera ma ana iya ƙara ta daga baya, in kasuwa ta nema.

Sifindil na kilowat 3 zuwa 4.5 ya ishi yawancin aikin kayan ɗaki. Mai sanyaya kansa da ruwa ya fi shiru, amma rayuwarsa tana rataye da ɗan famfon da ke cikin bokiti. Ranar da yaro ya manta bai kunna famfon ba, ko ƙura ta toshe tiyo, ko ruwan ya ɗau zafi a tsakiyar bazara, moton na iya ƙonewa. Mai sanyaya kansa da iska yana da ƙara, amma abin lura a kansa kaɗan ne, kuma a shagon da hannaye da yawa ke taɓa inji wannan ba ƙaramar daraja ba ce.

Sai batun wuta, wanda a Najeriya shi ke raba injin da ke kawo kuɗi da wanda aka lulluɓe da tamfol a lungun shago. Wannan inji kamar doki yake, sayensa ba shi ne wahala ba, harawa da dusar kullum su ne. Manyan injinan Sin sukan zo da tsarin wuta mai layi uku ta bolt 380, alhali yawancin shaguna layi ɗaya gare su. Ana iya neman masana'anta ta haɗa shi a kan layi ɗaya tun daga can, in sifindil ɗin bai yi girma da yawa ba, amma dole a faɗa kafin a biya. Sannan ba sifindil kaɗai ke shan wuta ba. Teburin da ke riƙe falle ta hanyar zuƙar iska yana aiki da famfo na kilowat 5.5 ko 7.5, wato ya fi moton yankan kansa ci. In aka haɗa sifindil na kilowat 3, famfo na 5.5, injin zuƙar ƙura na 2.2 da motocin tafiya, ana maganar kusan kilowat 12. A farashin naira 225 kan kowane kilowat na awa ɗaya, wanda aka sanya wa masu amfani da wutar lantarki na rukunin A a watan Afrilun 2024, awa guda ta cikakken aiki ta haura naira 2,500. A kan janaretan dizal kuwa abin ya fi haka, kuma janaretan dole ya fi wannan lissafi girma, domin moto yana jan wuta ninki-ninki a lokacin tashi. Shi ya sa ƙaramin shago ya fi dacewa da tebur mai ramukan ɗaure katako da maƙalai. Ɗaurin yana cin 'yan mintoci, amma ba ya shan wuta.

Rashin tsayuwar wutar ma wani kuɗi ne. Hawa da saukarta na kashe inbatar da ke sarrafa gudun sifindil da allunan da ke tuƙa motoci, don haka sitabilaiza mai ƙarfi da wayar ƙasa da aka binne yadda ya kamata suna cikin kuɗin inji, ba ƙari ba ne. Akwai kuma wata tambaya da ta cancanci a yi wa kowane dillali: in an ɗauke wuta aiki yana tsakiya, injin zai iya ci gaba daga inda ya tsaya? Sassaƙa mai zurfi a fuskar ƙofa na iya ɗaukar awoyi da yawa. Na'urorin sarrafawa na hannu irin RichAuto suna iya tuna wurin, kuma ba sa buƙatar a ajiye kwamfuta a cikin ƙurar shago, ana kawo musu aikin ne a filashi. Wannan 'yar siffa, wadda mai saye a Jamus ba zai damu da ita sosai ba, a Kano tana iya ceton katakon madaci na dubban nairori a yini ɗaya.

Farashin da masana'anta ke turowa shi ma yana buƙatar karatu. In an rubuta EXW, kuɗin injin ne a ƙofar masana'anta, komai na gaba a wuyan mai saye yake. FOB ya haɗa da kai shi cikin jirgin ruwa a tashar can. CIF ya haɗa da kuɗin jirgi da inshora zuwa tashar da aka ambata, a ce Apapa ko Tin Can a Legas, amma bai haɗa da fito da shi ba. Daga nan akwai Form M da ake buɗewa ta banki, takardar SONCAP, kuɗin kwastan, ladan ejan, kuɗin ajiya in takardu suka yi jinkiri, motar da za ta yi tafiyar kusan kilomita dubu zuwa Kano, da abin da zai sauke tan guda na ƙarfe a ƙofar shago. Tashoshin tudu na Kaduna, da aka buɗe a 2018, da na Dala a Kano, da aka buɗe a 2023, an yi su ne don rage wa 'yan kasuwar Arewa wannan wahala, kuma ya dace a tambayi ejan ko kayan za su iya bi ta can. A kan duk wannan ga canjin kuɗi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 ta haura 1,400. Kafinta da naira ake biyansa, amma kowane baki da kowane allon lantarki da zai saya nan gaba da dala aka yi masa kuɗi. Wanda zai ci bashi don sayen inji ya kamata ya sa wannan a gabansa.

Saboda haka dillalin cikin gida da farashinsa ya ɗara na masana'anta ba lallai ne mai tsauwalawa ba. In ƙarin ya ƙunshi kafa injin, daidaita shi, koyar da mai aiki da ajiye kayan gyara a kusa, to abin da ake saye da shi kwanakin aiki ne. Garantin shekara ɗaya ko biyu daga masana'antar da ke Jinan yawanci yana nufin za a aiko da abin da ya lalace, mai inji ya jira, ya kuma nemi wanda zai sa. In hakan ta faru ana saura mako uku biki, ga kayan ɗakin amarya an karɓi kuɗinsu, asarar ba ta tsaya a kan kuɗi ba, har da sunan shago. Wannan dalili ne kuma ya sa tsohon injin Turai na hannu, duk da ƙarfin jikinsa, yake da haɗari: kayan lantarkinsa na kamfaninsa ne shi kaɗai, wasu an daina yin su, masu gyaransa kuma ba su da yawa. Injin da aka haɗa da kayan da kowa ke sayarwa ya fi daraja a wurin da makaniki ke nesa.

Ƙura ba abin da za a yi tsumi a kansa ba ce, ko kaɗan. Hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji tun 1995, musamman ta hanci. Ƙurar MDF ta fi laushi, tana kuma ɗauke da gam ɗin da aka matse allon da shi. Wanda ke tsaye a gaban injin yini guda, galibi matashi ne ɗan koyo, shi ke shaƙar ta. Mai shagon da ya iya biyan miliyoyi ya sayi inji, ya ce injin zuƙar ƙura da abin rufe hanci sun yi tsada, bai yi wa yaransa adalci ba. Injin ma yana cutuwa: ƙurar tana cakuɗewa da man layukan tafiya ta zama kamar samfefa, ta cinye boris, balle in hunturu ya ƙara tasa.

Mutumin da zai tuƙa injin shi ne kashin bayan lissafin duka, shi ne kuma aka fi mantawa. Baki yana ƙonewa in tafiya ta yi jinkiri alhali juyi ya yi yawa, yana karyewa in an zurfafa fiye da kima, kuma abin da ya dace da MDF bai dace da madaci ba. Mai koyo zai karya bakuna ya ɓata fallaye kafin hannunsa ya faɗa, wannan ma kuɗi ne da ya kamata a ware. Manhajar zane ita ma tana da nata. ArtCAM, wadda masu sassaƙa da yawa suka saba da ita, kamfanin Autodesk ya daina sayar da ita a 2018, Carveco ce ta gaje ta, ga kuma Aspire da VCarve na kamfanin Vectric na Ingila. Sau da yawa abin da ake haɗowa da injin araha kwafi ne marar lasisi, wanda in ya tsaya babu wanda za a kira. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne zanen kansa. Furannin da ke zuwa a cikin filashin masana'anta kowa yana da su, kuma abin da kowa ke da shi ba ya tsada. Shagon da ke da mai iya zana dagi, ko ya ɗauko adon bangon tsofaffin gidajen Kano da Zariya ya zuba a fuskar gado, ko ya tsara rubutun Larabci a ƙofar masallaci da mumbari ba tare da kuskure ba, shi ne zai yanka wa aikinsa farashi. Albashin irin wannan mutum ya fi sarbo da mai sauya baki dawo da riba.

Duk wannan lissafi yana tsayawa ne a kan yawan aiki. Kasuwar kayan ɗaki tana da lokaci: tana cika gabanin azumi da bayan salla, lokacin da bukukuwan aure ke yawa, ta yi sanyi a wasu watanni. Kafinta ya duba littafinsa na shekarar da ta wuce, ba na watan da ya fi ciniki ba, ya ƙirga ayyukan da da gaske suke buƙatar inji. In ƙofofi ne ƙalilan a wata, ya fi masa riba ya kai wa mai inji ya biya kuɗin yanka, jarinsa ya zauna a katako. Babu abin kunya a ciki. In kuma shagonsa yana kusa da cunkoson masu sana'a, irin 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano, yanka wa maƙwabta na iya cike awoyin da aikinsa bai cike ba. Kafintoci uku ko huɗu da suka yarda da juna ma za su iya haɗa hannu su sayi guda mai kyau, da sharaɗin a rubuta wanda zai riƙe shi da yadda za a raba kuɗin gyara. Ga matsakaicin shagon da aikinsa ya kai, zaɓin da ya fi dacewa shi ne 1325 mai nauyin jiki da layuka na asali, da sitefa, da na'urar sarrafawa mai tuna inda ta tsaya, da injin zuƙar ƙura, daga hannun wanda ke da makaniki a cikin ƙasa.

Kafin a biya kuɗin ƙarshe, a gwada injin da katakon da shagon ke aiki da shi, ba da kumfa ko lallausan allon da dillali ya tanada ba. A sa shi ya yanka babban murabba'i, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu; in awon bai zo ɗaya ba, gadar a karkace take. A sa shi ya yanka da'ira, a auna faɗinta ta wurare da dama, a shafa gefenta da yatsa a ji ko akwai tudu a inda motoci ke juya tafiya. A huda ɗan rami, a tura injin ƙarshen tebur ya dawo sau da yawa, a ga ko bakin zai sake faɗawa cikin ramin daidai. A kashe wuta yana tsakiyar aiki, a kunna, a ga abin da zai yi. In daga ƙasar Sin za a yi oda, a nemi bidiyon wannan gwaji a kan ainihin injin da za a loda, lambarsa tana fitowa, ko a wakilta wanda zai je ya gani da idonsa. Dillalin da ya ƙi yarda da wannan gwaji, kada a ba shi ko kwabo.